Mun je ƙidayar tsuntsaye a Dagona

Da asuba muka bar Kano cikin hunturun Janairu, muka bi ta Haɗeja, muka kwana a Nguru. Washegari muka kama hanyar Gashuwa, muka ratse zuwa Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙasar Bade a jihar Yobe. Ayarin masu ƙidayar tsuntsaye na biyo. Tun 1967 ake wannan ƙidaya a ƙasashe da dama, kuma a tsakiyar Janairu ake yin ta, lokacin da agwagin da suka gudo wa sanyin Turai suka samu wuri suka zauna. Kowa ya ƙirga nasa a lokaci guda, tsuntsu ɗaya ba zai shiga lissafi sau biyu ba.

Da muka isa bakin ruwa hazo bai gama washewa ba. Malamin da ke jagorantarmu ya kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku, ya sa rana a bayansa. Kirinjijiya ce birjik, da ɗinya jefi-jefi, ga zalɓe tsaye a gefe. Na ce, "Malam, wa zai iya ƙirga wannan?" Ya ce in matso in duba. Hamsin yake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe faɗin wurin da suka cika a idonsa, sannan ya bi garken yana yanka shi kashi-kashi, kamar mai awon hatsi da mudu. Wani abokin aikinsa na can gefe yana nasa lissafin, ba mai ce wa wani uffan sai sun gama. In alkaluman sun yi nisa da juna, a sake. Shaho ya gifta, garken ya tashi gaba ɗaya, suka jira ya sauka suka faro daga farko, ba wanda ya yi tsaki. Haƙurin nan ya burge ni. Sun san adadin kimantawa ne, shi ya sa suke dagewa a tsaya a wuri ɗaya, a bi hanya ɗaya kowace shekara, don bana ta kwatantu da bara.

Bayan azahar muka shiga kwalekwale zuwa inda kacala, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, ta cinye. Nan aikin ɗalibai ne. Suka miƙa igiya mai tsawon mita 100, duk bayan mita 10 su ajiye wani katako mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe, su ƙirga karan da ya faɗo ciki. Tun kafin a sauka aka tsayar da wuraren, domin in aka bar wa ido zaɓi, inda ya fi duhu ko inda ya fi sauƙin shiga zai kai mutum.

Dattijon da ke tuƙa mu ya nuna wani wuri da gorarsa. "Ɗana, da a nan muke jefa birgi. Yanzu jan baki ne ke kwana ciki, gari ya waye su faɗa wa shinkafa." Na ce, "Baba, yaushe ta fara?" Ya ce tun da ruwa ya daina janyewa da rani. Malam ya gyaɗa kai: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya zuwan ruwa, wasu hanyoyin ba sa bushewa, kacala kuwa abin da take so ke nan. Takardar ƙidayar ba ta da gurbin irin wannan magana, kuma a ganina ya kamata a yi mata. Wata ɗaliba ta juya bayan takardar ta rubuta duk abin da ya faɗa, har da sunayen kifayen da ya ce sun yi wuya.