Lambobin saiti da maganar bakin injin kofi

Jiya na miƙa katin shiga na bar aiki, bayan shekara huɗu ina aikin firemwok, wato ginshiƙin manhajar sarrafa bayanai, a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen LHC, babbar na'urar da ke haɗa ƙananan ƙwayoyin zarra karo da juna. Ba sai na faɗi wanne ba, waɗanda muka kwana gaban allo tare a Janeba sun sani.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne ana shirin zagaye na uku na aikin LHC, wanda aka fara a 2022. Kun san halin da ake ciki: ma'ajiyar kwamfutoci ta yi kaɗan, dole aka koma tsarin zare da yawa, wato manhaja ɗaya mai layukan aiki da yawa tana sarrafa bayanan karon ƙwayoyi da dama a lokaci guda. Sashena shi ne mai ɗauko lambobin saitin na'urar auna karon daga rumbun bayanai. Kowace lamba da wa'adinta, yanayin na'ura na canzawa sai a ɗauko sabuwa. Shugaban rukuninmu ya ce ɗaukowar na cin lokaci, in tara lambobin wuri ɗaya kowane zare ya riƙa ɗiba. Na ce, "Farfesa, idan zare biyu suka riƙe karo masu wa'adi daban fa?" Ya ce da wuya. A bakin injin kofi muka yi maganar, babu ko layi ɗaya a rubuce.

Da manhajar faɗuwa ta yi, da an huta. Ba ta faɗi ba. Wani zare ya riƙa goge lambobin wani, kuzarin da ake aunawa ya ɗan karkace, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai kama ba. Wata ɗalibar digiri na uku ce ta juya fayil ɗaya a manhajar sau biyu, ta buɗe ROOT, manhajar nazarin bayanai, ta ga zane biyu ba su zo daidai ba. Aka sake juya duk abin da ya bi ta hannuna a Girid, haɗakar kwamfutocin da ke sarrafa bayanan LHC. A taron mako, sunana kaɗai ya hau allo, Farfesa kuwa har da girgiza kai.

Ba na wanke kaina. Ni na rubuta kod ɗin, kuma na gwada shi da ƙaramin fayil mai wa'adi ɗaya, a kan zare ɗaya. Gwajin da ba zai iya faɗuwa ba ke nan, na kuma yi murna da ya wuce.

Ku da kuka rage: kada wani sashe ya ɓoye komai a aljihunsa, abin da yake karantawa da wanda yake rubutawa ya bayyana wa firemwok. A riƙa gwada zare ɗaya da zare takwas a ga ko sakamako ya zo iri ɗaya. Umarnin babba, a bi shi da imel ko da layi biyu ne.

Gyaran da na yi daga baya, mai ba kowane karo lambobin wa'adinsa, har yau shi ke aiki. An gabatar da shi a wani taro bara. Farfesa ne ya yi jawabin, sunana na shafi na ƙarshe, cikin ƙananan haruffa.