Wazirin da ba shi da suna

Asabar. Hazo ya sauko tun asuba, leɓena duk ya tsattsage. Na kai babur wurin bakanike a Ƙofar Doka, ya ce kaca ce ta ci, in komo bayan la'asar. Na dawo gida na tarar autanmu ya iso daga Samaru da jakar wanki da sabon ilimi. Shekarar ƙarshe yake a jami'a, kuma tunda ya fara rubutun kammalawa ba a shan shayi lafiya a zauren nan.

Ko zama ban yi ba ya ce, "Yaya, ka san duk littattafan aljanu da dodanni siyasa ce aka lulluɓe?" Ya kawo wani na Amurka, The Wonderful Wizard of Oz, da L. Frank Baum ya fitar a 1900. Wai hanyar da aka shimfiɗa da rawayan tubali zinariya ce, takalman yarinyar azurfa, mutum-mutumin gona manoma, mutumin gwangwani kuma ma'aikatan masana'anta, duk a kan rigimar kuɗin ƙasarsu ta wancan zamani. Abin ya zauna daram, har na ji daɗinsa. Sai na tambaye shi wa ya faɗa. Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce wani malamin makaranta ne, Henry Littlefield, a 1964. Baum kuwa tun 1919 ya mutu. Ka ji aski a bayan mai kai.

Ni ma na tuna masa da Tolkien, marubucin Ingila mai littafin The Lord of the Rings. Da mutane suka dame shi cewa zoben littafinsa bam ɗin nukiliya ne, ya rubuta a gabatarwar bugu na biyu cewa shi ba ya son labarin da marubuci ke ɗaure wa ma'ana guda, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu yake nufi, da an yi amfani da zoben a kan abokin gaba maimakon a halaka shi. Auta ya ce ai mutumin ya je fagen daga a Somme ta Faransa a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ba yadda za a yi warin yaƙi bai bi shi cikin rubutu ba. Nan kam na ba shi gaskiya. Amma wanda ya kwana kusa da murhu tufafinsa za su yi ƙauri, ba sai ya yi niyya ba.

Baba yana gefe kan buzunsa, da carbi, mun ɗauka ba ya ji. Sai ya ce, "Ku da kuke ta tsallaka teku, Magana Jari Ce fa? A garin nan Abubakar Imam ya rubuta shi." Auta ya yi farat ya ce ai wazirin nan maci amana wani babba ne na En'e ake yi wa shaguɓe. Baba ya ce wane? Shiru. Ya ce lokacin da suke yara kowane gari da wanda ake nunawa da baki in an zo kan wazirin, kuma duk ba mutum ɗaya ba ne. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji shi, ya ci gaba da jan carbi.

Wannan maganar ce ta tsaya mini har yanzu. Mu Hausawa mun san habaici sarai: yana da wanda ake yi dominsa, kuma 'yan kallo sun san shi, in ba haka ba ya tashi a banza. Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Funtuwa ya yi wa Animal Farm na George Orwell, habaici ne na gaske, babban aladen da ke ciki Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ake nufi da shi, mai littafin bai ɓoye ba. Bello Kagara kuwa ko lulluɓin bai nema ba, Ganɗoki, jarumin littafinsa, da Nasara ya gwabza da sunansu, aka kuma buga shi a 1934 a hannun hukumar Turawan da ke nan Zariya. Wazirin Imam daban yake. Da an ba shi suna ɗaya, da tuni an binne shi tare da mai sunan. Auta bai yarda ba, ya ce zai sa mu a babi na uku a matsayin masu adawa.

Bayan la'asar na karɓo babur, an ƙara mini kuɗin man birki da ban ce a zuba ba. Da magariba aka ɗauke wuta. Na lalubo tsohon kwafinmu na Magana Jari Ce, bangon ya rabu, wani ya taɓa liƙe shi da ƙullun tuwo, na haska tocilan waya ina karanta wa 'yata inda aku ke jan Musa da labari don kada ya fita cikin dare. Auta ya matso zai fara bayani, ta ɗaga masa hannu ta ce, "Baba Ƙarami, bari mana, ina so in ji ko ya fita."