Ƙafar Kawu

Da likita ya ce sai an yanke wa Kawu ƙafar hagu saboda ciwon suga ya cinye ta, sai ya ƙi sa hannu a takardar tiyata. "Da ƙafata Allah Ya halicce ni, da ita zan koma," in ji shi.

Daren nan ba mu runtsa ba a zaure. Yayana ya dage cewa jiki amana ce, mutum ba shi da ikon barinsa ya lalace alhali ga magani. Inna ta ce to ai shi aka ba amanar, ba mu ba. Na yi tsit, domin a jami'a na sha raina darasin falsafa, ina ganin surutu ne na marasa aikin yi. Ga shi tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ɗaure mu da tambaya ɗaya: wa ke da iko da jikin mutum?

Wasu na cewa falsafa kayan Turawa ce. Amma Ibn Rushd na birnin Kurɗuba a Andalus (Sifen ta yau), wanda ya rasu a 1198, alƙalin Malikiyya ne kuma likita, shi ne ya mayar wa Imam Gazali martani kan sukar da Gazalin ya yi wa masana falsafa. Gardamar tamu ce tun tuni.

Da asuba na durƙusa gaban Kawu, na ce, "Kawu, me kuke tsoro?" Ashe ba mutuwa ba ce, zama nauyi a kan 'ya'yansa yake gudu. Kwana uku muna wannan magana kafin ya ce a miƙo masa biro.