Ruwan Azbin da Rijiyoyin Fili: Abin da Aiki Ya Koya Mini

Duk wanda ya yi aikin ruwa a yankin Agadas ya san tambayar da ake fara yi masa: ruwan da ke sauka a kan duwatsun Azbin, nawa ne a ciki yake shiga ƙasa ya kai ga rijiyoyin fili? Masu shirin haƙa burtsatse lamba ɗaya suke so a ba su, su tafi. Ni kuwa aiki ya sa ina taka-tsantsan da wannan lambar.

Ruwan yana bin hanya biyu. Wani yakan kutsa ta tsagogin dutse, ya yi ta tafiya a hankali har ya shiga dutsen yashi na kwarin Tim Mersoi da ke yamma. Wannan kaɗan ne, auna shi kuma da wuya, domin galibin Azbin dutse ne mai tauri, ko a tudun Bagzan inda tsauni ya haura mita 2,000. Babbar hanyar ita ce korama. In an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, koramar Telwa takan cika ta gangaro wajen Agadas, ta yi awoyi ko 'yan kwanaki tana gudu, rairayin cikinta na shan ruwa. Ambaliya kaɗan a damina su ne cikar shekara. Shi ya sa ɗaukar jimillar ruwan sama a yanke wani kaso ba ya gaya maka komai: yayyafi goma rana ce ke shanye su, ruwa ɗaya mai ƙarfi kuwa yana ɗaga rijiya.

Cikin hanyoyin ƙiyasta ruwan da ke shiga ƙasa, lissafin gishirin kuloraid ya fi burge ni a aji, don sauƙinsa. Ruwa na ƙafewa, gishiri na zama. Misali, in ruwan sama milimita 150 ne, kuloraid ɗin rijiya kuma ya ninka na ruwan sama sau 30, to milimita 5 ne suka shiga ƙasa, wato 150 a raba gida 30. Amma a bakin korama lissafin yakan ruɗe, domin ruwan daga nesa ya taho, ya nutse da sauri kafin ya ƙafe, ga ƙurar hunturu da ke zuba nata gishirin. Sai an haɗa da awon zurfin ruwan rijiyoyi kafin damina da bayanta kafin in yarda da sakamakon. Masu lambun albasa na Tabelot da Timiya suna riƙe da tarihin rijiyoyinsu a ka, kuma na daɗe da daina fara awo ban zauna da su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun ruwan. Sinadarin tiritiyam da gwajin bama-baman nukiliya ya watsa a sama, wanda ya kai ƙololuwa a 1963, ana samunsa a ruwan da ya shiga ƙasa bayan lokacin. Ruwa mai zurfi na dutsen yashi kuwa, awon kabon-14, wani sinadari da ake gane shekarun ruwa da shi, yakan nuna ya kwana dubban shekaru, tun zamanin da Sahara ke da tafkuna. Burtsatse tana iya feso ruwa da ƙarfi alhali gadon kakanni take ci, ba girbin bana ba. Don haka a rahotona nakan raba ruwan da ke ajiye da wanda ke shigowa duk shekara, in rubuta ƙiyasi mafi ƙanƙanta da mafi yawa, ko da mai aikin zai ɓata rai.