Bindi ne ya raba gardama

Tun ina yaro na san tsirya, wannan koriyar mai dogon bindi da jan baki, wadda namijinta ke da zobe a wuya. Da karatu ya kai ni Dehradun, a arewacin Indiya, sai na iske ta can ma, tana cika gari da kuka kamar a gida. Wani abokin karatuna ɗan yankin ne ya ce min ai tana da 'yar'uwa a dazuzzukan tsaunin Himalaya, mai kai ruwan toka mai duhu. Na sa wa raina sai na gan ta.

A watan Janairu na hau motar Mussoorie, tafiyar kilomita 35 ce, amma hawa ne har kusan mita 2,000. Na wuni ina karkarwar sanyi, ko gashinta ban gani ba. Wani dattijo mai shayi ya yi min dariya, ya ce sanyin da ya dame ni ya riga ya kore su, da hunturu gangarowa kwari suke yi. Ashe tsuntsuwar tana ƙasa inda na baro, ni na biya kuɗin mota na wuce ta.

Da na dawo sai zumuɗi ya sake ka da ni. Na hango wata mai kan toka a bakin gona, na ɗauki hoto, na tura wa abokina da murna. Ya ce, "Malam, duba baki, duba bindi." Bakinta rawaya ne, ƙarshen bindin fari. Macen wata tsirya ce dabam, wadda namijinta ke da kai ja-ja mai sirkin shunayya. Wadda nake nema bakinta na sama ja ne mai ruwan lemo, ƙarshen bindinta kuwa rawaya shar, kamar an tsoma shi a kurkum. Kan nan da na dogara da shi, shi ne ya fi komai ruɗi.

Sai a Afrilu na koma sama. Wannan karon ban yi ta yawo ba, na zauna a gindin bishiyar da suke kira banj tun da sassafe. Kukansu na fara ji, siriri mai kaifi, kafin garken ya keto da gudu ya sauka. Tsawon kowace zai kai santimita 40, rabi duk bindi. Namiji na da ɗan tabo ja mai duhu a kafaɗa, mace ba ta da shi. Na ga ɗaya ta shige tsohon ramin maƙwaƙƙwafi a jikin itace, a irinsa suke yin ƙwai. Sauran suna ta ɓarzar 'ya'yan itatuwa, suna ci suna zubarwa. Dattijon shayin nan ya ce masu lambun tuffa ba sa ga maciji da su, kuma da na ga abin da suka bari a ƙasa, ban ga laifin manoman ba.