Kwabo 20 na tsibirin Jersey

Jiya wani mai shago a nan Ingila ya mayar mini da kwabo 20 da na ba shi, ya ce ba kuɗinsu ba ne. Da na duba, ashe na Jersey ne, ɗan tsibirin nan da ke kusa da gaɓar Faransa. A bayan kwabon ga hoton hasumiyar La Corbière mai haska wa jiragen ruwa hanya.

Abin ya tsaya mini a rai, na kwana ina bin tarihinsa. Da mutanen Jersey suka koma lissafin kwabo 100 a fam a 1971, zane ɗaya ne a bayan duk tsabarsu, garkuwa mai zakuna uku. A 1981 suka buga fam mai kusurwa huɗu don cikar shekara 200 da yaƙin Jersey. Daga 1983 kowace tsabar kwabo ta ɗauki hoton wani wuri nasu: hasumiyar Le Hocq a kwabo 1, ƙofar ganuwar Grosnez a kwabo 50. Wanda ya fi taɓa ni shi ne kwabo 10, kabarin duwatsu na Faldouet mai shekaru dubbai, yana yawo a hannun masu sayen burodi.

Nawa dai na adana shi, ba zan kashe ba.