Kurjin da man shafawa ba ya yi masa magani

Masu nutso da silindar iskar shaƙa a Bahar Maliya sukan fito da ƙuraje iri-iri. Aikin jinya a jiragen da ke kai su wuraren murjani irin su Sanganeb, gaban Port Sudan, ya koya mini in fara duba inda kurjin ya fito kafin in taɓa akwatin magani.

In a hannu ne ko gwiwa, ja wur, yana raɗaɗi, to mai shi ya gogi murjanin wuta. A wanke da ruwan teku, domin ruwan famfo yana ƙara tayar da dafin da ya maƙale a fata. A zuba ruwan khal, daga baya a shafa haidirokotizon, man rage kumburi da ƙaiƙayi. In kuwa kurjin ya bi ɗinkin rigar roba, wuya da hammata, sinadaran robar ne jikinsa bai karɓa ba. Waɗannan da sauƙi.

Wanda ke hana ni sukuni shi ne na ciki da ƙirji da kafaɗa. Bayan fitowa, sai fatar ta yi dabbare-dabbare, shunayya da ja da fari, kamar taswira. Ka danna, mutum ya yamutsa fuska ya ce ciwon can ciki yake. Wannan aikin naitirojin ne, wata iska da ke cikin wadda mai nutso ke shaƙa. A zurfin mita 10 kawai matsin da ke kan jiki ya ninka na doron ƙasa, jiki yana ta tsotsar naitirojin ɗin; in aka taso da gaggawa, ko aka jera nutso a yini ɗaya, sai ta zama kumfa a jini. Irin wannan tabo yakan zo wa masu ɗan rami a tsakanin ɗakunan zuciya, ramin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke da shi, galibi bai ma sani ba.

Baƙo zai ce, "Malam, ƙaiƙayi ne kawai, ba ni mai." Ba na ba shi. Kwantar da shi nake yi, in sa masa oksijin zalla, in ba shi ruwa, sannan in yi ta tambaya: akwai jiri? Hannu yana mutuwa? Gani ya dushe? Ko tabon ya ɓace da oksijin, babu komawa ruwa, babu wanka da ruwan zafi, babu hawa jirgin sama sai likitan nutso ya ce ko yana buƙatar ɗakin matsin iska, inda ake narkar da kumfar.

Mai jirgi ba ya son jin haka, domin juyawa gaɓa asarar yini ce ga kowa. Nakan bar shi ya gama mita, mu juya.